A Wanke Allo: Sharhi ga Masu Neman Karatun Likitan Haƙori



Sharhinmu na yau na ɗalibai ne, musamman waɗanda suka ƙudurta a ransu cewa likitocin haƙori za su zama, da iyayen da ke biyan kuɗin fom, su tashi tsakar dare suna yi musu addu'a. Amma duk mai jarrabawa a gabansa ya matso kusa da rediyo, ba zai tashi hannu rabbana ba.

Shekaru kaɗan da suka wuce, cikin hunturu, na kwana a gidan ƙanwata. Wajen ƙarfe biyun dare na fito zan zaga, sai na hango haske a ƙofar ɗakin girki. 'Yarta ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta lulluɓe da zane, ƙafafunta biyu cikin bokitin ruwan sanyi, fitilar caji a gefe, littafin Bayoloji a cinya. Shafin duk ya yi ja da zanen biro, da ƙyar ka ga layin da ba ta ja wa layi ba. Na ce, "Ke 'yar nan, ruwan me ke nan cikin wannan ɗari?" Ta ce, "Kawu, don kada barci ya sace ni." Ban ce mata komai ba, na koma na kwanta, amma barcin bai zo mini da wuri ba.

Da safe bayan an karya, na karɓi littafin daga hannunta. Babin haƙoran dabbobi ta kwana a kai. Na rufe shi, na ɗora a kan gwiwata, na ce ta gaya mini yadda haƙoran tunkiya suka bambanta da na kare. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta ɗaga kai sama. Ta ce, "Wallahi Kawu na sani. Ina ganin shafin a idona, hoton yana daga hannun dama, a ƙasa." Ta san inda hoton yake, ba ta san abin da hoton ke cewa ba. Sai hawaye. Yarinyar nan ba raguwa ba ce, kuma ba daƙiƙiya ba ce. Ta fi 'yan ajinsu da yawa wahala a kan littafi. Abin da ya cuce ta shi ne abin da ke cutar dubban 'ya'yanmu kowace shekara: idonta ya saba da shafi, sai zuciyarta ta ce mata ta sani. Sabo daban, sani daban. Na shafe shekaru ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma in aka ce in zaɓi ciwo ɗaya da ya fi kayar da yara masu ƙoƙari, wannan zan nuna.

Bari mu fara duba kogin da za a ƙetare. A Nijeriya, mai son karatun likitan haƙori yana bi ta jarrabawar share fagen shiga jami'a ta hukumar JAMB, hukumar da aka kafa tun 1978. Darussa huɗu zai zauna: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Turanci tambaya 60, sauran ukun 40-40, jimilla 180, a kan kwamfuta, cikin awa biyu. Ku raba da kanku: sakan 40 ke nan ga kowace tambaya. Kowane darasi maki 100, duka 400. Kafin nan kuma sai yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato waɗannan darussa huɗu da Lissafi, kuma akwai jami'o'in da ba sa karɓa sai an same su a zama ɗaya. Bayan JAMB, jami'o'i da dama suna sake tasu tantancewar.

A 2025, cikin ɗalibai kusan miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba a sakamakon da aka fara fitarwa. A shekarar ce aka tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. To ina roƙon mai neman likitancin haƙori ya toshe kunnensa daga wannan 150, ba da shi ake ba. Majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa ita ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta, kuma gurbin ɗan kaɗan ne. Makarantun ma ba su da yawa. Ta farko a ƙasar nan a Jami'ar Legas aka buɗe ta, a 1966, sannan Ibadan da Ife da Benin suka biyo baya. Mu a nan Arewa mun daɗe muna jira kafin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano, mai koyarwa a Asibitin Malam Aminu Kano, suka shigo sahu. Inda kujera ta yi kaɗan, ba cin jarrabawa ake nema ba, wuce na kusa da kai ake nema. Kuma tazarar ba ta da yawa: a darussan kimiyya tambaya ɗaya a ƙiyasce maki biyu da rabi ce. Ka gyara tambaya huɗu kacal a kowane ɗaya daga cikin ukun nan, maki talatin ke nan ka ƙara. Maki talatin kuwa sun isa su raba wanda ya sami gurbi da wanda zai sake sayen fom baɗi.

Yaya za a yi ke nan? Ni dai amsar ban fara ganinta a littafin Turawa ba, a makarantar allo na gan ta, kuma kusan duk mai saurarona ya gan ta. Ku tuna yadda abin yake. An rubuta maka a allo, malam ya biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa. Amma ba a cewa ka iya don ka daɗe riƙe da allo. Mai hadda sai ya zo gaban malam, ya kife allon, ya kawo da ka. In ya yi tuntuɓe, nan take a gyara masa, a ce ya koma. Sai ya kawo sumul sannan a ce ya wanke. Wankewar nan ita ce sirrin. Rubutun ya tafi, tawada ta bi ruwa, ba sauran abin leƙe. In karatun bai zauna a ka ba, to ba ya ko'ina. Sannan wanda ya wanke ba a sallame shi ba, akwai tilawa: na jiya, na makon jiya, na watan jiya, ana ta kewayo a kansu da asuba da dare don kada su kufce. Ba alaramman da zai ce maka ya haddace izu ya ajiye shi shekara guda bai waiwaye shi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, yaron da ya taso da wannan tarbiyya, da ya shiga boko sai ya ajiye ta a bakin ƙofa kamar takalmi. Ya koma kallon littafi, yana jan layi da jan biro, yana kwafe abin da ke littafi zuwa wani littafin. Allonsa ba ya wankuwa har ranar jarrabawa, ranar da za a wanke masa shi da ƙarfi.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan abu da ma'auni. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa: ya haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna yadda suke zubewa. Ya gano mantuwa ta fi gudu a awannin farko da kwanan farko, sannan ta lafa, kuma duk maimaicin da aka yi bayan an ba da tazara yana rage mata gudu. A 2006 kuma wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, suka ba ɗaliban jami'a wani ɗan rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi har zama huɗu. Wasu zama ɗaya suka karanta, sauran zama ukun aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu suka yi gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu maimaita karatu kashi 40 cikin ɗari suka riƙe, masu kawowa da ka kashi 61. Wani abin lura kuma, waɗanda suka yi ta karantawa su ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. 'Yar ƙanwata ke nan da bokitinta.

Saboda haka, ɗana, 'yata, ga abin da nake so ka canza daga yau. In awa biyu gare ka, kada karatu da littafi a buɗe ya ci fiye da rabinta. Karanta babi ɗaya, ko rabin babi. Rufe littafin, ka tura shi nesa da hannunka. Ɗauko farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna, ka zana hoton da kanka, ka sa wa kowane sashe sunansa. Za ka ji zafi. Za ka ji kamar kanka ba komai, ranka ya ɓaci, hannunka ya riƙa ƙaiƙayin buɗe littafi. Daure. Wannan lalube da ƙwaƙwalwa ke yi cikin duhu, shi ne karatun. Sai ka gama lalubenka kaf sannan ka buɗe, ka ga abin da ka bari da abin da ka juya, ka gyara da biro mai wani launi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ka ga tsiraicin iliminka a ɗakinku, kai kaɗai, da ka gan shi a gaban kwamfuta agogo na tafiya.

Tilawar fa? A nan ne na koya wa yarinyar nan wata dabara da wani ɗan jaridar Jamus, Sebastian Leitner, ya yaɗa a farkon shekarun 1970, mu kuma muka yi ta da abin da ke hannunmu. Muka samo gwangwanin madara uku, muka yayyanka kwalayen sukari da na ashana. Kowane ɗan kwali, tambaya a fuska ɗaya, amsa a bayansa. Gwangwanin farko kullum ake zazzage shi. Katin da ta amsa daidai ya haura na biyu, wanda ake dubawa bayan kwana uku. In ta sake ci ya haura na uku, na ranar Juma'a. Wanda ta faɗi kuwa, ko daga ina yake, ya dawo na farko. Cikin mako biyu sai ga shi abin da ke ba ta wuya shi take gani kullum, abin da ta iya kuma ya daina cin lokacinta. Ƙanenta ɗan firamare shi ya zama malaminta, ya riƙe kati yana tambaya, ba ya kuwa sassauta mata ko da harafi ɗaya. Tana wanke-wanke yana tsaye a kanta da gwangwani. Akwai manhajojin waya da ke yin wannan aiki, ba na hana mai hali, amma wayar da ke ɗauke da katin ita ce ke ɗauke da WhatsApp da TikTok, kuma na san wanda ke yin nasara in suka haɗu. Gwangwani ba ya kiran kowa hira.

Yanzu tambayoyin shekarun baya, waɗanda kowane ɗalibi ke saye a kasuwa. Suna da amfani ƙwarai, amma yawancin yara cin su suke yi ta baya. Sai su karanta tambaya, su leƙa amsa, su gyaɗa kai, su wuce. Wannan kallon allo ne ya sake dawowa da sabuwar riga. Wasu ma haddace haruffan suke yi, wai ta goma sha biyu C ce. Yadda ya dace, a farkon shiri ka ɗauko manhajar karatu ta JAMB, wadda hukumar ke sakawa kyauta a shafinta na intanet, ka bi ta babi-babi, in ka gama babi ka amsa tambayoyin da suka taɓa fitowa daga cikinsa. In saura wata biyu, ka koma cakuɗa su, don ranar jarrabawa ba wanda zai sanar da kai daga babin da tambaya ta fito, gane hakan ma rabin amsa ne. Sannan sau ɗaya a mako ka zauna cikakkiyar jarrabawa, tambaya 180, awa biyu cur, ba tashi, ba shan ruwa, wani ya riƙe maka agogo.

Bayan ka gama, aikin gaske ya fara. Ka tanadi littafi guda na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, har da wadda ka ci da canke, ka rubuta ta, ka rubuta dalilin faɗuwarka. Wata ba ka taɓa sanin abin ba, wannan komawa littafi take so. Wata ka sani amma ka rikita shi da ɗan'uwansa, kamar mai rikita jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da mai komar da shi, wannan kati take so, a jera su biyu a gwama. Wata kuwa gaggawa ce kawai, tambaya ta ce wanne ne ba ya ciki, idonka ya tsallake kalmar korewa. Na ga yaran da suka gano cewa yawancin asararsu ta wannan ƙofa take fita, kuma maganinta ba ƙarin karatu ba ne, nutsuwar sakan biyu ce. In ba ka rubuta ba, ba za ka taɓa sanin ciwonka ba, sai ka yi ta shan maganin wani. Ku kuma kula, amsoshin da ke bayan waɗannan littattafai na kasuwa ba wahayi ba ne. Na sha kama kuskure a cikinsu. In amsa ta saɓa wa littafin karatunka, kai wa malaminka, matambayi ba ya ɓata.

Kada wani ya ce na mayar da kimiyya hadda. Ko a tsangaya, bayan hadda akwai zaman littattafai inda ake fassara da warware ma'ana. Abin da ka gane ya fi saurin zama, kuma kai mai son aikin haƙori ka yi sa'a, darussanka uku duk suna cikin bakinka. Ɗauki Fiziks. Ana yawan tambayar irin madubin da ke ƙara girman haƙori ga likita. Maimakon ka haddace, shiga ɗakin girki ka ɗauko cokali mai ƙyalli. Dubi cikinsa daga nesa, za ka ga kanka a kife. Yanzu kawo kan yatsanka a hankali har ya kusa taɓa cikin cokalin: zai miƙe daidai, ya kuma yi girma. Madubi mai lotsawa ciki ke nan, abu in ya shigo kusa da shi fiye da matattarar haskensa, hotonsa a tsaye yake fitowa, da girma. Wanda ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya ya gama da tambayar har abada.

Bayoloji kuwa, je ka kara ranar kasuwa ka tsaya kusa da dillali. Kafin ya yi wa rago kuɗi sai ya buɗe bakinsa, don haƙora ke faɗin shekaru. Leƙa tare da shi. Za ka ga rago ba shi da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kamar fata, na ƙasa ke datse ciyawa a kansa, sannan ga fili kafin a kai ga turame masu faɗi na niƙa. Kare kuma fiƙoƙi ne dogaye na yaga nama, haƙoransa 42. Mutum 20 yake yi na yarinta, su zube, 32 su maye gurbinsu. A Kemistiri, jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemon tsami ka ga yadda yake kumfa yana cinyewa. Sinadarin ɓawon ƙwai da na haƙori ba ɗaya ba ne, amma duka gishirin kalsiyam ne, kuma tsami abokin gabarsu ne. Farin rufin haƙori ya fi komai tauri a jikin mutum, amma in ƙwayoyin cutar baki suka ci sukarin da ka bari suka fitar da tsami, ma'aunin pH ya sauka ƙasa da kamar 5.5, sai ya fara narkewa. Kogon haƙori ke nan, wanda mutanenmu ke cewa tsutsa ce. Ka ga babin tsami da kishiyarsa ya tashi daga alamomi a takarda ya zama aikin da za ka yi har tsufanka.

A wasu ƙasashe ma har ido da hannu ake gwadawa. A Amurka, inda sai an yi karatun digirin farko ake neman wannan fanni, jarrabawarsu mai suna DAT tambaya 280 ce, 90 daga ciki na auna yadda mutum ke juya siffa a zuciyarsa ne. A Kanada kuwa, a da, an daɗe ana ba ɗalibi sabulu da wuƙa ya sassaƙa. Tamu ba ta tambayar wannan, amma aikin zai tambaya. In ka gaji da littafi, ɗauki guntun sabulu ka gwada fitar da siffar turmin haƙori. Hutu ne, kuma shiri ne.

Sai Turanci, katangar da ke tare yaranmu da yawa, musamman 'yan makarantun gwamnati da na karkara. Yaro ya ƙware a Kemistiri, ya raina Turanci, ya bar shi sai makon ƙarshe, alhali shi ne mai tambaya 60, kuma da shi aka rubuta sauran 120 ɗin. Harshe ba ya shiga da dare ɗaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Minti talatin kullum, ba fashi: shafi ɗaya na jarida ko littafi, a karanta, a rufe, a faɗi abin da ya ƙunsa. Littafin labarin da hukumar ke zaɓa, irin su The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli da aka yi shekaru ana amfani da shi, ko The Lekki Headmaster na 2025, a tabbatar da na shekarar da ake ciki, a karanta shi kansa, ba taƙaitawar da ke yawo a waya ba. Akwai kuma sashen furuci, inda ake tambayar sautin kalma da gaɓar da ake dannawa. Mu Hausawa mun san inda takalmin ke matsa mu, harshenmu bai raba sautin P da F yadda Turanci ya raba ba. Wannan kunne yake so, a saurari labaran Turanci a rediyo, a riƙa maimaitawa da baki.

Game da barci, zan yi magana da babbar murya. A zubar da ruwan bokitin nan. A daina dafa shayi mai kauri da cin goro don a kwana ido biyu. Cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, wanda ya hana kansa barci kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando. Awa biyu bayan sallar asuba, kai a sake, gida shiru, ga sanyi, ba ruwanka da an kawo wuta ko an ɗauke, sun fi awa biyar na gyangyaɗi a kan littafi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin watannin shiri, jarrabawar kuma ta zo cikin zafin bazara. Mai hankali sai ya kai darasi mai nauyi bayan sahur, ya bar katunan gwangwani zuwa la'asar.

Iyaye, ga taku. Da yawanku kuna cewa kuna so 'yarku ta zama likita, don kun san halin da matanmu ke shiga in babu mace a asibiti. Amma ita ce mai shara, ita ce mai girki, ita ce mai goyon ƙane, yayanta namiji kuma yana ɗaki an ce kada a dame shi yana karatu. A ba ta awa uku a rana waɗanda ba mai kiran sunanta, na wata huɗu kawai. Ba kuɗi za ku kashe ba. Kuɗin da nake roƙo kada ku kashe su ne na masu kiran waya suna cewa za su ƙara wa yaro maki ko su sayar muku da tambayoyi. 'Yan damfara ne, kuma yaron da aka kama da maguɗi sakamakonsa ake sokewa. Ko da a ce ta yiwu, shekara shida ke gabansa a jami'a, da jarrabawoyin da ake korar mutum in ya faɗi. Wa zai saya masa waɗancan?

Wata magana kuma da ke ci mini rai: yadda ake ɗaukar likitancin haƙori kamar ragowar tuwo, abin da ake ba wanda bai sami gurbin likitan jiki ba. Wanda ke faɗin haka bai taɓa kwana da ciwon haƙori a ƙauye ba. Na ga magidanci da kumburarren kumatu ya ɗaure kai da rawani, ya gwada kanumfari, ya gwada ƙwayoyin kemis, har ruwan batir ya ɗiga, don likita mafi kusa sai an yi tafiyar rabin yini. Kuma aikin ya wuce cire haƙori. A Sakkwato akwai asibiti sukutum, tun 1999, na yaran da cutar noma ta kama. Ba noman gona ba, wata cuta ce da ke farawa da gyambon dasashi a bakin yaro mai tamowa, cikin kwanaki ta ci kumatu da leɓe, ta kashe mafi yawan waɗanda ba su sami magani ba, alhali in an gan ta da wuri ana tare ta da magani mai sauƙi da tsaftar baki da abinci. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a Disambar 2023. Idon da zai gane wannan gyambo tun yana ƙarami, ya yi wa uwar bayani da harshen da take ji, shi muke nema. In wannan fanni kake so, sa shi zaɓinka na farko da gaba gaɗi, jami'ar ma ka sa ta farko, don a irin wannan kwas mai cunkoso ba kasafai ake waiwayar wanda ya sa ta biyu ba.

Lokaci na ƙure mana, saura ranar kanta. Tun 2015 gaba ɗaya jarrabawar ta koma kwamfuta, kuma har yanzu akwai yaran da ranar ce farkon zamansu gaban allonta. Kada ka zama cikinsu. Ba wani abu mai wuya ba ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka ci gaba, P ka koma baya, S ka miƙa. Ka yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske, ko ka biya kuɗin awa biyu a shagon kwamfuta ka saba da yatsunka. In an fara, tambayar da ta tsaya maka a wuya ka wuce ta ka dawo, lissafin Fiziks ɗaya yana iya cinye lokacin tambayoyin Bayoloji biyar. Kada ka bar gurbi ba amsa, ba a rage maki don an yi kuskure. Ka fitar da takardar da ke nuna cibiyarka da lokacinka da wuri, ka je ka ga wurin da idonka tun ana gobe. Waya, agogo da na'urar lissafi duk a bar su a gida.

'Yan mata kuma, ku ji wannan da kyau, iyaye mata ku taya ni riƙewa. Da zanen yatsa ake tantance ɗalibi, ranar rajista da ranar shiga ɗakin jarrabawa, kuma hukumar ta sha gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karanta yatsa. Ko bikin wa ake yi a gida, ko na yayarki ne uwa ɗaya uba ɗaya, a yi miki a ƙafa, a yi a bayan hannu, amma kan yatsu goma a bar su fari har sai kin fito.

Nan za mu dakata. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya buɗa musu ƙwaƙwalwa. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu, a huta lafiya.